Sabon Rai a Katsina Laka: Tarihin Tuba a Tsakanin Kiristoci Hausawa na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ɓangaren ƙasar Katsina da ake kira Katsina Laka, wato kudancin masarautar inda ƙasa take da nauyi da danƙo, ruwan sama ya fi na arewa yawa, dawa da masara da auduga kuma suke yin kyau. Bayan jihadin 1804, da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi mulkin Katsina da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Musulunci ya ƙara kafuwa a garuruwa da kasuwanni, amma a karkara an bar gidaje masu yawa na Hausawan da suka ci gaba da bin addinin kakanninsu, waɗanda ake kira Maguzawa, aka ɗauke su mutanen amana masu biyan jizya, wato harajin da wanda ba Musulmi ba yake bayarwa don a kare ransa da dukiyarsa. Daga zuriyar waɗannan gidaje ne mafi yawan Kiristoci Hausawa na yankin suka fito a ƙarni na 20, kuma abin nazari a tarihinsu shi ne yadda koyarwar da ta ɗora komai a kan zuciyar mutum ɗaya ta sami wurin zama a cikin al'ummar da addininta na gida ne da gandu.

Maguzawa sun fi kafa manyan gidaje a warwatse a tsakiyar gonakinsu, inda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa da matansu suke zaune cikin danga ɗaya suna noma gandu, wato babbar gonar gida wadda kowane namiji yake bai wa ƙarfinsa, maigida kuma ya ɗauki nauyin ci da haraji da auren samari daga abin da ta bayar. Addininsu ya bi wannan tsari sau da ƙafa. Sun yarda akwai Allah mahalicci, amma harkar ruwan sama da haihuwa da ciwo da albarkar gona da iskoki ake yin ta, kowane iska da irin dabbar da yake karɓa da launinta, kuma maigida ne yake yanka a madadin kowa kafin shuka da bayan girbi. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, da Murray Last, wanda ya zauna a wani gidansu kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970, duk sun nuna yadda wannan addini yake cuɗe da noma da aure da magani har ba a iya zare ɗaya a bar saura. A irin wannan tsari ba a tambayar abin da mutum ya ƙudura a ransa. Abin da ake dubawa shi ne ko an yi yanka a kan lokaci, ko an dafa giyar biki, ko an kiyaye hanin gida. Hakan bai sa sun rasa ma'aunin hali ba, domin ko maƙwabtansu Musulmi sun shaide su da faɗin gaskiya da ƙwazon noma, sai dai ma'aunin nasu yana kallon abin da mutum ya yi wa gidansu ne.

Koyarwar da 'yan mishan suka zo da ita ta faro daga ɗaya gefen. Tushenta yana cikin sura ta 3 ta Bisharar Yohanna, inda Yesu ya nuna wa wani malamin Yahudawa mai suna Nikodimu cewa iliminsa da asalinsa ba za su wadatar ba sai an sāke haihuwarsa, da sura ta 12 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, wadda ta nemi mai bi ya ba da dukan kansa ga Allah. Kowace ɗariƙar Kirista ta san waɗannan nassoshi, amma waɗanda suka mai da su ginshiƙi su ne masu ra'ayin bishara na Turai da Amurka, irin su Philipp Spener na Jamus, wanda a 1675 ya yi kira a kafa ƙananan tarurrukan nazari da addu'a saboda yana ganin coci ya cika da mutanen da suka gaji addini bai taɓa zukatansu ba. A 1875 aka fara wani taron shekara-shekara a garin Keswick na Ingila wanda ya ƙara mataki a kan tuba, wato miƙa kai ɗungum, inda ake koyar da cewa mutum yana iya karɓar ceto amma ya riƙe wani sashe na rayuwarsa, dukiya ko buri ko zunubin da ya saba da shi, kuma ba zai ga ikon Ruhu Mai Tsarki ba sai ya sallama wannan sashen ma. Rowland Bingham, ɗaya daga cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar shiga ƙasar Hausa, wanda shi kaɗai ya tsira bayan Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent kuma a Bida, ya riƙi wannan ra'ayi har ya kafa irin wannan taro a Kanada a 1924, ƙungiyar da ya jagoranta kuwa, wato SIM, ita ce ta fi tasiri a kan Kiristancin karkarar Katsina.

Alkawarin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba ya zama hujjar hana 'yan mishan zama a masarautu kusan shekara talatin, in ban da 'yan kaɗan irin su Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, yana kuma cikin manyan waɗanda suka yi aikin cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa da aka buga a 1932. Ƙofar Katsina ta buɗe ne ta hanyar kuturta. A wajajen 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka miƙa wa SIM kula da zangon kutare na Babbar Ruga, kamar yadda aka miƙa mata Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato, daga nan ta sami izinin kafa tashoshi a garuruwa irin su Matazu da Malumfashi, bisa sharuɗɗan da suka hana wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci, suka kuma hana koya wa yaro addini ba da yardar iyayensa ba. Funtuwa, wadda layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa, ta tara Kiristoci 'yan kudu ma'aikatan jirgi da kamfanonin auduga, amma su da harsunansu suke sujada, Bamagujen Faskari ko Sabuwa da ya kawo audugarsa kuma yana yi wa cocinsu kallon addinin baƙi. Turawan mishan ba su tara jama'a mai yawa ba a wannan zamani. Waɗanda suka tuba a hannunsu galibi marasa lafiya ne da suka daɗe a zango, da marayu, da yaran makaranta, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda wa'azin da ke neman mutum ya yanke shawara shi kaɗai ya fi saurin shiga kunnen wanda ya riga ya rabu da gandu.

Al'amarin ya sauya ne da aikin ya koma hannun 'yan ƙasa. A ƙarshen shekarun 1940 majami'un SIM suka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta kansu, wadda daga baya aka sani da EMS, a 1954 kuma suka haɗu suka zama ikilisiyar ECWA. Mai bishara, wato ma'aikacin da bai kai matsayin fasto ba amma ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki da Hausa, yakan zo da iyalinsa, sau da yawa daga kudancin Zariya ko Filato, ya roƙi maigida wurin ɗaki da 'yar gona, ya yi noma kamar kowa, da dare kuma ya tara yara da samari a gaban fitilar ƙwai yana koya musu baƙaƙe da waƙoƙi. Da yake yana zuwa gayya da suna da makoki, matarsa kuma tana daka da matan gida, duk abin da ya faɗa game da sabuwar zuciya ana auna shi da yadda yake biyan bashi da yadda yake zama da iyalinsa. A 1964 aka ƙaddamar da shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda Gerald Swank na SIM yake cikin waɗanda suka assasa shi, bisa manufar a koya wa kowane mai bi, ba fasto kaɗai ba, yadda zai ba da shaida, a kafa ƙananan rukunonin addu'a, sannan a fita ƙauyuka gida-gida. Shirin ya zo daidai da rangadin musuluntarwa na Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, kuma daga lokacin Maguzawa suka fara jin cewa zamanin zama a tsakiya ya kusa ƙarewa.

Daga shekarun 1970 ne tuba ta yawaita. Da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yaran Maguzawa suka shiga makarantar da ta san darasin addini biyu kawai, na Musulunci da na Kirista, a daidai lokacin da samari suke tafiya ci-rani suna komowa da kuɗin kansu, gandu kuma yake rauni. Last ya lura cewa musuluntar Bamaguje takan tafi tare da sauya sana'a da mazauni, mutum ya bar gandu ya koma gari ya kama kasuwanci. Kiristanci kuwa ya ba da hanyar da mutum zai sami littafi da wurin ibada da matsayi a idon hukuma ba tare da ya tashi daga gidan ubansa ba, mata kuma su ci gaba da noma gayaunansu, wato 'yan gonakin da suke nomawa don kansu, ba tare da kulle ba. Waɗannan dalilai gaskiya ne, wanda ya yi watsi da su bai yi wa tarihi adalci ba, amma ba su bayyana komai ba, domin da riba kaɗai ake nema da an bi addinin hakimi da alƙali da mafi yawan jama'a, wanda ya fi kawo sauƙi a ƙasar Katsina nesa ba kusa ba. Abin da ya fi yawan fitowa a shaidar masu tuba daga addinin gargajiya shi ne tsoro, tsoron iskoki da mayu da sammu, da gajiya da yanke-yanken da ba su hana yara mutuwa ba, sai kuma labarin wani Mai Ceto da ya fi iskoki ƙarfi, wanda kuma ba ya neman akuya.

A nan ne ikilisiya ta gamu da matsalar da ta bi ta har yau. Koyarwarta ta ce ceto aikin Allah ne a ɓoye cikin zuciya, alheri ne, wato kyautar da ba a saye da aiki, amma dole dattawan majami'a su yanke hukunci a kan wanda za a yi wa baftisma da wanda za a dakatar, su kuwa ba su ganin zuciya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma kusan a kan haka aka gina tsarin karɓar sababbin masu bi. Wanda ya furta tuba ana sa shi ajin baftisma, inda zai yi watanni yana koyon Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji da jigon bangaskiya, galibi tare da koyon karatu, domin a ra'ayin masu bishara wanda ba ya iya buɗe Littafi da kansa zai daɗe yana dogaro da bangaskiyar wani. Kafin ranar baftisma yakan zauna gaban dattawa su yi masa tambayoyi, kaɗan a kan abin da ya haddace, mafi yawa a kan zamansa: ko ya daina zuwa wurin boka, ko akwai wanda yake gaba da shi, ko maƙwabta sun ga bambanci. Idan yana da layu da guraye da kambuna da ƙahon maganin da ya gada, ana so ya kawo su da hannunsa a ƙone a gaban jama'a, kuma wannan mataki ya fi kowane nauyi, domin a idon danginsa ya tuɓe rigar da ke kare shi, duk ciwon da ya sami ɗansa a wannan shekara za a ce ga sakamako nan. Sannan a gangara rafi, fasto ya tsaya cikin ruwa har ƙugu, a nutsar da mai tuba gaba ɗaya a ɗago shi, alamar an binne tsohon mutum sabo ya tashi, mata suna waƙa a bakin ruwa.

Giya ta fi layu wuyar rabuwa, kuma dalilin ya wuce maƙogwaro. A gidan Maguzawa burkutu, wato giyar da ake dafawa da tsiron dawa, ita ce ladan gayya, ita ce abin karɓar baƙi a biki da makoki, ita ce kuma babbar hanyar samun kuɗin mata, tunda su suke dafawa suna sayarwa. SIM da ECWA sun haramta ta ɗungum, sha da dafawa da sayarwa, saboda haka magidancin da ya tuba sai ya wayi gari da tunanin yadda zai kira gayya, wato taron maƙwabta da ke taya mutum noma a yini ɗaya, alhali ba zai ajiye tulun da ya saba jawo su ba, matarsa kuma dole ta nemi wata sana'a. Masu bi suka koma yi wa juna gayya da kunu da tuwo, majami'a ta zama sabon rukunin taimakon juna, dawar da a da ake jiƙawa don giya ta zauna a rumbu ko ta tafi kasuwa ta koma kuɗin makaranta da kwanon rufi. Abin da ake yi wa iskoki bayan girbi ya sami magaji a ranar godiya ta kaka, inda kowane gida yake kawo dammunan dawa da masara da kaji gaban majami'a, ban da zakka, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu, wadda da ita ake riƙe mai bishara. Miƙa kai ɗungum, wanda a Keswick magana ce ta buri da son zuciya, a Katsina Laka ya zama magana ta rumbu.

Aure ne wurin da ma'aunin ya fi tsanani, kuma a nan ne ya fi cancantar suka. Mishan ta ƙi yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma, sai manyan magidanta, waɗanda su ne masu faɗa a ji, suka tsinci kansu tsakanin sakin uwar 'ya'yansu da zama a majami'a har tsufa ba baftisma, ba jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi suke tarayya a kai don tunawa da mutuwar Almasihu. Mutum yana iya zama mai tsoron Allah da kowa ya shaida, ya ba da filin da aka gina majami'a, ya tura 'ya'yansa makarantar Littafi, amma ƙa'ida ta ajiye shi a baya, wani kuma da ya cika duk alamun waje, ba giya, ba laya, mace ɗaya, ya hau kujerar dattijo da zuciyar da ba ta san tausayi ba. Haka ma horo, wato dakatar da mai bi daga jibi da kowane muƙami saboda laifin da ya fito fili, a zaunar da shi a bencin baya har ya nuna nadama: an tsara shi ne don maido da mai laifi, amma ya fi kama zunubin da ciki ko warin baki yake tonawa, ya bar girman kai da hassada suna yawo, kuma 'yan mata suka fi ɗanɗana shi. Fastocin da suka san aikinsu sun daɗe suna jan kunne a kan wannan, suna tuna wa jama'a cewa Yesu ya fi tsananta wa masu addinin ganin ido.

Cocin Katolika ya bi wata hanya. Limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka sun karɓi yankin Sakkwato da Katsina a shekarun 1950, yankin ya zama dayosis, wato ƙasar da bishop yake shugabanta, a 1964, Malumfashi kuma ta zama cibiyar aikinsu a cikin Maguzawa, har aka kafa makarantar horar da katikis a can, wato malamin da ke koyar da addini a ƙauyen da fada, limamin cocin, ba ya samun zuwa kullum. A wurinsu sabon rai yana farawa da baftisma ne, ya yi ta girma a hankali ta hanyar ikirari, inda mai bi yake faɗa wa fada zunubansa a asirce, da Jibi Mai Tsarki, don haka ba a cika neman mutum ya faɗi ranar da ya tuba ba. Buguwa suka hana, ba giya ita kanta ba, amma a kan mace ɗaya ba su sassauta ba ko kaɗan.

Duk wannan ya faru ne a tsakiyar al'ummar Musulmi wadda ta daɗe da nata ilimin zuciya, domin malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya sun jima suna karantar da tuba da ikhlasi, wato yin ibada don Allah shi kaɗai, da yaƙi da riya da hassada, Bamagujen da ya saurari mai bishara kuwa ya riga ya ji labarin hisabi da aljanna da wuta daga bakin maƙwabtansa. Kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ta ƙara sa addinin gargajiya tsakanin wa'azi biyu da suka saɓa a kan abubuwa da yawa amma suka haɗu a kan a rabu da laya da bori. Bambancin da Kiristoci suke jaddadawa shi ne cewa a wurinsu gafara ce take zuwa da farko, ta dalilin mutuwar Almasihu da tashinsa, gyaran hali kuma ya biyo bayanta.

Zuwa shekarun 1990 an sami tsarar da aka haifa cikin majami'a, su Bulus da Ishaku da Rahila da Saratu, waɗanda ba su taɓa ɗaura laya ba balle su ƙone ta, sai matsalar da Spener ya gani a Jamus ta ɓullo a ƙauyukan Katsina, wato addinin da aka karɓa da tsada ya zama gado. Amsar da majami'u suka bayar ita ce taron falkaswa, wato kwanakin wa'azi na musamman da ake gayyato baƙon mai wa'azi, a ƙarshe a kira 'ya'yan masu bi su fito gaba su karɓi Yesu da kansu, tare da ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, da majami'un Fentikos da suka shigo daga baya suna ba da ƙarfi ga baiwar Ruhu da warkarwa. Amma inda koyarwar ta fi zama da gindinta shi ne Zumuntar Mata, ƙungiyar matan aure ta majami'a, waɗanda suke haɗuwa kowane mako suna haddace ayoyi, suna tsara waƙoƙi da karin gargajiya a kan kiɗan tulu da caki, suna zaga marasa lafiya da masu jego da gidajen makoki, kuma su suke riƙe majami'a idan maza sun tafi ci-rani.

Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris 1987 ya bazu har Zariya da Funtuwa da Katsina aka ƙone majami'u da dama, watanni kaɗan kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina, amma jarrabawar da ta fi kowace girma ita ce ta 'yan bindiga, waɗanda suka mai da dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari mafaka, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa suna bakin waɗannan dazuzzuka. Bala'in bai tambayi addinin kowa ba, mafi yawan waɗanda ya ci ma Musulmi ne, kamar ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba 2020, sai dai gidajen Kiristoci Hausawa, da yake a warwatse suke cikin gonaki kamar yadda kakanninsu suka kafa su, ba ganuwa ba maƙwabci na kusa, sun zama masu sauƙin kaiwa. A watan Mayu 2021 aka kai hari cocin Katolika na Malumfashi aka kashe Fada Alphonsus Bello, a watan Janairu 2023 kuma aka sace masu sujada ranar Lahadi a wata majami'a da ke ƙauyen Ɗantsauri a ƙasar Ƙanƙara. Gidaje da yawa sun tashi sun koma garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi, kuɗin da a da ake tarawa don rufin majami'a wani lokaci yana komawa kuɗin fansa, wa'azin miƙa kai kuma ya koma kan tambayoyin da mai bishara na 1964 bai fuskanta ba: ko ya halatta mai bi ya ɗauki bindiga ya shiga 'yan sa-kai, ko wanda ya sayar da shanu da gona ya fanshi matarsa zai iya gafarta wa ɗan ƙauyensu da ya kai rahotonsa daji, ko fasto zai zauna da sauran jama'arsa ko zai kwashe iyalinsa. A cikin wannan hali ne Fafaroma Francis ya yanke dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato a watan Oktoba 2023, shekara 33 bayan cocin Angilika ya kafa tasa a 1990, Fafaroman kuma ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan jihar, bishop ɗinta na farko, kuma da yawa daga cikin majami'un ƙauye da ke ƙarƙashinsa suna nan kudancin jihar.